Kyamarar da za ta iya ganin shuni

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiyar rini ya san ƙyalle ba da shuɗinsa yake fitowa ba. Idan marini ya tsamo shi, kore-kore ne, kamar ruwan kududdufi. Sai ya sha iska tukuna sannan ya fara juyawa a gaban idonka, koren ya janye, shuɗi ya hau, ya yi ta duhu har ya zauna. Wannan juyawar da ba ta wuce 'yan mintuna ba ita ce ta raba ni da babur ɗina.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, marini ne a Ƙofar Mata, marinar da ake lissafa tarihinta tun 1498. Ni kuwa ɗaukar biki da suna da walimar sauka ce sana'ata, shekara shida ke nan, da wata Canon 600D da na saya ta hannu. Na daɗe da labari a raina, gajeren fim na minti 20 a kan yaron da ya ƙi gadon rini ya kama tuƙin adaidaita sahu. Tun farko na ƙudurta Kawu ne zai fito a uban, a bakin rijiyarsa, da hannayen nan nasa da baba ya rine har gwiwar hannu. A watan Nuwamba na 2023 na rataya kyamarata na je gwaji, na dawo da ciwon kai biyu.

Na farko laifina ne. Na san 600D tana tsayawa da kanta idan fayil ya cika 4GB, wato kimanin minti 12 a babban hoto. A gidan biki wannan ba komai ba ne, don kafin nan ka yanke sau goma. Amma ranar sai Kawu ya shiga ba ni labarin yadda mahaifinsa ya fara aikensa ɗebo toka yana ɗan shekara bakwai, muryarsa ta canja, ni kuma na shagala da sauraro. Ko da na duba allon, kyamarar ta daɗe da yin shiru. Na ce, "Kawu, don Allah ko za ka maimaita mini daga wajen tokar?" Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ai magana zarar bunu ce." Ya juya ga rijiyarsa.

Na biyu sai da dare na gan shi a kwamfuta. Juyawar nan daga kore zuwa shuɗi, wadda a ido take tafiya sumul, a hotona ta rarrabu gida-gida kamar matakalar bene. Da na yi ƙoƙarin ɗaga hasken fuskar Kawu da ke ƙarƙashin malfa, sai shuɗin ya farfashe, farar rigar yaron da ke bayansa kuma ta ƙone fat, babu zare babu ɗinki. Dalilin a lissafe yake. Kyamarar da ke ɗauka a 8-bit matakai 256 kacal gare ta tsakanin duhu da haske a kowanne daga launuka ukun da take haɗawa, ja da kore da shuɗi. Mai 10-bit tana da 1,024. Idan biki kake ɗauka, ana rawa ana liƙi, babu mai lura. Idan fim ɗinka kacokan a kan launi ɗaya ya tsaya, nan asiri ke tonuwa.

Ba butulci zan yi wa 600D ba. Ta fito a 2011, kuma ita da 'yan uwanta 550D da 60D, da babbar yayarsu 5D Mark II ta 2008, su suka ba mai ƙaramin jari damar yin hoton da jarumi zai fito tar bayansa ya dushe, abin da kyamarorin kaset da aka fara fim ɗin Hausa da su a shekarun 1990 ba sa bayarwa. Ta ciyar da ni, ita ta yi mini lefe. Wannan aikin ne dai ya fi ƙarfinta.

Na haɗa kwasar adashin da yayata ke riƙewa da kuɗin babur, wanda dama tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ya fi zaman soro fiye da hawa titi. Sai dai na shigo kasuwa a mummunan lokaci. A Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, kuma kayan hoto duk da dala ake auna su, ko da sun shekara biyu a cikin kanta. Ka tambayi mai shago kuɗin kaya, ba zai amsa ba sai ya duba waya ya ga yadda kasuwar canjin kuɗi ta Wapa ta kwana. Kuɗin da a Disamba zai saya mini kyamara da gilashinta, a Fabrairu gangar jikin kawai yake iya ɗauka.

Duk da haka na san abin da nake so, ko in ce na ɗauka na sani. Wata biyu na yi ina ƙona data a YouTube ina kallon Turawa suna gwada kyamarori a cikin dusar ƙanƙara da ɗakuna masu sanyi, har na kamu da son Blackmagic Pocket Cinema Camera 4K. Ta fito a 2018 a kan dala 1,295. Tana ɗaukar ɗanyen hoto wanda za ka sarrafa launinsa yadda ka ga dama, sabuwarta kuma tana zuwa da lasisin DaVinci Resolve Studio, manhajar gyaran launi da manyan masu fim ke aiki da ita. Kalmar sinima da ke jikin sunanta ma ta isa ta ruɗi mai ɗaukar biki.

Na tafi wajen maigidana, wanda ya koya mini riƙon kyamara, a ofishinsa da ke wajen Titin Gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan fim suka yi yawa. Tun zamanin kaset yake fita lokeshan. Na zayyana masa falalar kyamarar tamkar ni na ƙera ta. Ya bari na gama.

"Wace kwamfuta za ka yi editin da ita?"

Na faɗa masa: laftof ɗina mai ram 8GB, babu katin hoto na daban.

"Wa zai riƙe maka fokos?"

"Ni ne, Maigida."

"Sauti fa?"

"Ni ne dai."

"To wa zai riƙa zaryar cajin batir?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Doki kake ciniki, ba ka tambayi kuɗin harawa ba." Ya yago takarda ya miƙo mini, ya ce in rubuta duk abin da ke tsakanin fuskar Kawu da idon mai kallo, kowanne da kuɗinsa, abin da ya ragu shi ne kuɗin kyamarata. Sannan ya ƙara da abin da kullum yake faɗa: tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta kwanta, a waya ake kallon fim ɗinmu, mutum ya rage ingancin hoton da hannunsa don kada data ta ƙare, ko ya kai waya a tura masa. "Zai yafe maka hoto mai hazo," in ji shi, "amma maganar da ba ya ji, ba zai yafe ba."

A kan sauti ban yi masa musu ba, don ko ni na sha rufe fim saboda iska tana bugun makirufo. A kan launi ne na ƙi sakin nawa. Hoton da ya fito daga kyamara a farfashe, idan YouTube ya sake matse shi, ƙara lalacewa yake yi, ba gyaruwa ba. Kuma ina da burin a haska fim ɗin a babban allo wata rana, ko da sau ɗaya ne. Ban faɗa masa wannan ba, kunya ta hana.

Takardar kuwa ta yi aikinta. Batura, memori, gilashin gaba da 'yan sana'a ke kira lens, filtar rage haske, na'urar ɗaukar sauti da makirufon maƙalawa a riga, fitila ko da biyu ce, ma'ajiya biyu don in ɗaya ta mutu kada in mutu tare da ita, abincin lokeshan, da kuɗin takardun Hukumar Tace Fina-finai. Da na kammala tarawa, sai na ga gangar kyamarar ba za ta wuce kashi uku cikin biyar na kuɗina ba. Maganar sabuwa a kwali ta faɗi tun a nan.

Ba a cinikin biri a sama, don haka na ware kuɗi kaɗan na haya da aro. Gwajin iri ɗaya na yi wa kowacce: bakin rijiya da tsakar rana, soron gidanmu da dare, sai tafiya a ƙafa a bayan ƙanina cikin lungu.

Blackmagic na fara ɗauka haya, wuni ɗaya, mai ita ya haɗo ni da yaronsa yana gadinta kamar amarya. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin rinin Kawu a allo kamar yadda ta nuna shi ba. Koren ya narke cikin shuɗi babu gaɓa, fuskar Kawu a inuwa tana nan, farar riga a rana tana nan da ɗinkinta. Na zauna ina mayar da hoton baya ina sake kallo har aka kira sallar Isha'i. Amma a wunin nan na fahimci tambayoyin Maigida. Batirin cikinta, irin LP-E6 na Canon, kamfanin da kansa kimanin awa ɗaya ya rubuta masa, shi ya sa masu ita kan ɗaura mata babban batir a waje. Allonta mai inci 5 a manne yake, ba ya juyawa, kuma a ranar Kano sai ka lulluɓa da rawani kafin ka ga abin da kake ɗauka. Ba ta da abin rage girgiza a cikinta, ba ta bin fuska da kanta. Tana da fanka da ƙofofin shan iska, ni kuma ina tunanin ƙurar hunturu. Duk wannan ba aibu ba ne, an gina ta ne don lokeshan mai mutane, wannan na riƙe da fokos, wancan na kula da batir. Da na lissafa kejin da ake saka ta a ciki, da babban batir, da ma'ajiyar da ake jona mata, da kwamfutar da za ta iya jan Resolve, sai na ga linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Wata ƙarama da aboki ya ara mini, wadda ba zan kama sunanta ba, ko zagaye na biyu ba ta kai ba. Muna cikin ɗauka a rana ta nuna alamar zafi, jim kaɗan ta kashe kanta, sai da muka kai ta inuwa muna mata fifita. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan kaɗai ya isa hukunci.

Sony a6400 ta 2019 ta burge ni ta wani ɓangaren. Tana kama fuska ta bi ta, ƙanina ya juya ya dawo tana nan a kansa, kuma ba ta da iyakar minti 30 da yawancin ire-irenta na da ke da shi. Da biki zan saya wa kyamara, da a nan na tsaya. Amma 8-bit ce, wato ciwona na biyu yana nan, ba ta da abin rage girgiza a jiki, kuma babu inda za ka jona abin sauraro ka ji sautin da kake ɗauka. Mutumin da shi ne mai hoto shi ne mai sauti ba zai yi aiki da kunne a toshe ba.

Wadda ta kusa karya mini niyya ita ce Canon C100, zaɓin Maigida. Tsohuwa ce, ta 2012, amma kyamarar bidiyo ce ta haƙiƙa, ba ta hoto da aka koya wa bidiyo ba. Filtar rage haske a cikinta take, mataki uku, ka murza kawai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, don idan kana ɗaukar firam 25 a daƙiƙa, shota, wato lokacin da take barin haske ya shiga, a 1/50 na daƙiƙa ya kamata ta zauna, kuma a ranar azahar ba za ka iya hakan ba sai ka sa wa kyamara tabarau. Tana da ƙofar manyan makirufo guda biyu a hannunta, batirinta yana yin awanni, fayil ɗinta mara nauyi ne, laftof ɗina ya ja shi yana murmushi. Gilasaina na Canon duk suna hawanta, fatar baƙin mutum kuma tana fitowa da kyau a cikinta. Kwana uku ina juya maganar. Abin da ya raba mu biyu ne: a memori 8-bit take ajiyewa, kuma iyakarta 1080, ba ta 4K. Ni ba don mai kallo nake son 4K ba. Kyamara ɗaya gare ni, jarumina kuma ba ya maimaita magana. Idan na ɗauke shi a 4K daga nesa, a wajen editin zan iya yanko fuskarsa kusa in fitar a 1080, ya zama kamar da kyamara biyu na ɗauka.

Haka na iso kan Panasonic Lumix GH5, wadda ban taɓa sa ta a lissafi ba saboda babu wanda ke yi mata kirari. Ta fito a 2017 a kan kusan dala 2,000, amma da yake ƙannenta sun biyo baya, ta hannu ta sauko. Tana ɗaukar 4K a 10-bit kai tsaye cikin memori na SD, ba ta da iyakar lokaci, tana da gidan memori biyu da za ka sa ta riƙa rubutawa a duka lokaci guda. Sensarta, wato idon cikinta da ke karɓar haske, tana motsi a ciki don rage girgiza, jikinta an toshe shi daga ƙura da yayyafi, akwai ƙofar makirufo akwai ta abin sauraro. A bakin rijiya ba ta kai Blackmagic ba, wannan ba zan ɓoye ba, farar riga tana saurin ƙonewa idan ka yi sakaci. Amma matakalar benen nan ta ɓace, shuɗin ya tafi sumul.

Ita ma da nata halin. Fokos ɗinta na kai da kai yana da lalube, ya tafi ya dawo, don haka na kashe shi na koma murzawa da hannu, abin da dama 600D ta horar da ni a kai. Da dare a soro, idan ka ɗaga mata ISO, wato ƙarfin jin haskenta, ya wuce 1600, yashi ya fara fitowa a duhu, dole sai da fitila. Babban abin da ya ba ni wahala shi ne ƙanƙantar sensarta, wadda ke ninka tsawon gilashi sau biyu. Gilashina na 50mm f/1.8, wanda nake taƙama da shi a biki, a kanta sai ya koma kamar 100mm. Ka tsaya a ƙarshen soron cikin birni, bayanka na jikin bango, hancin mutum da gemunsa kawai kake gani. Akwai mahaɗi na Viltrox mai rage tsawon zuwa kashi 0.71, ya kuma ƙara haske, amma da shi ma 50 ɗin 71 ta koma, ga shi gilashin 18-55 da ya zo da 600D, irin EF-S, ba ya shiga cikinsa sai an yi masa aski a baya. Daga ƙarshe na haƙura da gadon Canon, na nemi Lumix 25mm f/1.7 don dare da fuska, da 12-60mm don rana da faɗi.

Wani abu da Turawan YouTube ba su taɓa faɗa mini ba, sai Maigida: wutar Najeriya 50Hz ce, ta Amurka 60Hz. Kyamarar da ta fito daga can sau da yawa a kan tsarinsu take zuwa, ka ɗauki sin a ƙarƙashin ƙwan lantarki ka ga hoto yana ƙifta ido ko layuka suna hawa. GH5 tana barinka ka mayar da ita 50Hz a cikin saitinta. Idan kuma janareto ne, wanda gudunsa ke hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, tana da inda za ka riƙa matsar da shota kaɗan-kaɗan har ƙiftawar ta lafa. Ni dai don in huta, fitilun da ke aiki da batir na saya.

Cikin azumi na yi cinikin, a watan Maris. Wani dillali ya kai ni shagon da ake kawo kayan hannu na Landan. Guda biyu aka fito mini da su. Ta farko na kunna sai na ga rubutun cikinta duk na Japan ne, irin waɗanda aka yi don kasuwar can, babu inda za a mayar da shi Turanci, na mayar. Ta biyu na ɗaga sai na ji wani abu yana ƙwas-ƙwas a ciki, gabana ya faɗi. Na kira Maigida a waya. Ya ce, "Kunna ta ka sake girgizawa." Na kunna, shiru. Ashe sensar ce, idan babu wuta a sake take lilo, haka aka yi ta.

Daga nan na bi ta gaɓa-gaɓa kamar mai sayen rago. Na rufe bakin gilashin zuwa f/16 na ɗauki farin bango, don ƙura ko tabo a sensa a nan suke bayyana. Na sa murfi na ɗaga ISO na ɗauki duhu, ina neman ɗigon ja ko fari da ba ya motsi. Na gwada gidan memori na ɗaya, na gwada na biyu. Na jona makirufo da abin sauraro ina murza wayar, ko akwai ƙara. Na haska fitilar waya cikin gilasan biyu ina neman saƙar gizo-gizon nan ta fumfuna, wadda kayan da suka zauna a wuri mai laima irin Legas ke yawan kamuwa da ita. Adadin hotunan da aka ɗauka da ita ban ba shi muhimmanci sosai ba, don kyamara tana iya yin shekaru tana bidiyo lambar ba ta motsa ba. Wajen ɗaure ta a kan ƙafa da robar hannunta su suka fi gaya mini irin wahalar da ta sha.

Sai na nemi izinin fita da ita waje. Na kafa ta a rana, na danna 4K, na tsaya da agogo. Mai shagon ya leƙo bayan minti 20 ya ce, "Malam, saya za ka yi ko gasa ta za ka yi?"

"Alhaji, in za ta suma, gara ta suma a gabanka."

Ta yi minti 45, ta yi ɗumi, ba ta ce uffan ba. Ni ne na kusa suma, da azumi a bakina. Muka koma ciki. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya duba waya, dillali ya shiga tsakani yana haɗa mu da darajar watan. Aka sallama da batir biyu da sharaɗin kwana bakwai in wani abu ya fito. Na tura kuɗi, alat ya shiga, muka yi musabaha. A tsakiyar Afrilu dala ta sauko ƙasa da 1,200. Na yi kwana biyu ba na son a yi mini maganar, kodayake ba ta daɗe a ƙasan ba.

Inda aka ci ni shi ne inda ban yi tsammani ba. Da na ga kuɗi sun yi ƙasa, sai na sayi memori biyu masu 128GB a wani tebur, rabin kuɗin da aka gaya mini a shago. Kwali mai kyau, tambari mai ƙyalli. A 10-bit, GH5 tana zuba megabit 150 a daƙiƙa, wato wajen 67GB a awa, kuma tana buƙatar memori mai alamar V30 ko sama. Ɗaya ya tsaya bayan daƙiƙa kaɗan, ya kasa gudun. Ɗayan ya fi mugunta, don ya karɓa har ƙarshe, sai da na zo buɗewa na tarar rabin fayilolin fanko ne. Na gwada shi da wata ƙaramar manhaja ta kyauta, H2testw, wadda ke cika memori ta sake karantawa, ta nuna ainihin cikinsa bai kai rubu'in abin da aka rubuta a jiki ba. Allah ya taimake ni gwaji ne a tsakar gida, awakin maƙwabta na ɗauka. Araha ba ta ado. Na koma na sayi na gaske, kuma tun daga ranar babu memorin da ke shiga kyamarata sai ya kwana a wannan manhajar.

Laftof ɗin ma bai tsira ba. Fayil ɗin 10-bit yana sa shi tari. Maganinsa shi ne in bar shi cikin dare, in an kawo wuta, ya yi wa kowane fayil ƙaramin kwafi mara nauyi, in yi yanka da haɗi da su, sai a ƙarshe in mayar da na asali. Sauti kuwa na bi Maigida sau da ƙafa: na'urar ɗaukar sauti Zoom H1n a aljihun Kawu, makirufo a maƙale cikin wuyan rigarsa, na ɗinka masa 'yar hular gashi saboda iska.

Bayan ƙaramar Sallah muka fara ɗauka. Na je tun bakwai na safe, kafin rana ta miƙe, na kafa kyamara nesa kaɗan, na sa filta, na murza fokos a kan idonsa, na danna, na koma gefe na zauna a kan turmi kamar hira na zo. Ban tambaye shi labarin toka ba. Maganar tsadar baba muka fara, da yadda yadin kanti ya cinye kasuwa, da yaran da ba sa son hannunsu ya yi shuɗi saboda 'yan mata. Can wajen minti 30, yana tsoma wani farin yadi yana ɗagawa, sai ya ce, "Ranar da Baba ya fara aikena ɗebo toka..." Ban motsa ba. Ta wutsiyar ido nake kallon jan ɗigon yana nan a kunne.

Da ya gama na juyo masa allon, na kare rana da malfarsa, na mayar da hoton daidai inda ya tsamo yadin. Muka kalli koren yana janyewa, shuɗi yana hawa. Ina jira in ji abin da zai ce a kan kyamarar da ta cinye babur da adashin shekara. Ya matso da fuskarsa, ya ƙura ido, ya sa yatsa a kan allon har ya bar mini shuɗin tabo.

"Wannan bai ci ba tukuna," in ji shi. "Ka ga gefen nan? Sai ya ƙara shiga sau uku."

Ya miƙa hannu ya jawo yadin daga kan igiya, ya mayar da shi rijiya.